Buta, tiyo, feshi ko ɗigo: kafin ka zuba kuɗin adashinka a lambu

Ɗan yayata ne ya jawo wannan dogon rubutun. Ya kwashi adashi, susu kamar yadda ake ce masa a nan, sai ya zo min gida a Nima da daddare da wayarsa a hannu yana nuna min bidiyon wata gona da aka shimfiɗa wa baƙaƙen tiyo layi-layi ruwa na ɗiga a gindin kowane tumatir, ya ce kawu ni fa na gaji da ɗaukar buta, ƙugu na zai karye, wannan abin zan saya. Na ce to madalla, amma lita nawa fangalinka ɗaya yake sha a rana? Shiru. Na ce to buta nawa kake zuba masa? Ya ce ai sai dai in ya ga ƙasa ta jiƙu. Shekara shida yana noman latas a nan Ankara (tamu ta Gana nake nufi, ba ta Turkiyya ba) amma bai taɓa ƙirga butar da yake ɗauka ba, kuma wallahi ba shi kaɗai ba ne, nima haka na yi shekaru.

To bari mu fara da lissafin nan don duk zaɓin a kansa yake tafiya. Milimita 1 na ruwa daidai yake da lita 1 a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi. A zafin garin nan, tsakanin abin da rana ke ƙonewa daga ƙasa da abin da ganye ke fitarwa, shukar da ta rufe ƙasa tana cin wajen milimita 4 zuwa 5 a yini. Ka ɗauki fangali mai tsawon mita 10 da faɗin mita ɗaya da rabi, fili 15 kenan, sau 5, lita 75. Butar da muke amfani da ita lita 15 take ci, kenan buta 5 ta ishi fangalin a rana. Ni da idona na tsaya na ƙirga wa yaron nan washegari, buta 9 ya zuba wa fangali ɗaya, 5 da safe 4 da yamma, kuma latas ɗin ko ganye shida bai yi ba. Ina sauran ruwan ya tafi? Ya zarce ƙasan saiwa, ya tafi da takin kajin da ya saya da kuɗinsa. In kana da fangali 40, a lissafin gaskiya lita 3,000 ce, buta 200, sawu 100 da buta biyu a hannu, kilo 30 kowane sawu. In kuma kana ninkawa ba tare da ka sani ba to ƙugunka ne ke biyan kuɗin.

Kuma kar a manta Ankara ba Kumasi ba ce. Ruwan saman da muke samu a shekara bai cika kai milimita 800 ba, Kumasi kuwa na samun wajen 1,400, kusan ninki. Damina biyu muke yi, babbar daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar Satumba zuwa Nuwamba, amma ko a cikin damina sai a yi sati biyu ba ɗigo, shi ya sa mai lambu a nan ba ya hutawa da bayi, wato ban ruwa.

Buta tukuna. Mutane na raina ta amma ni ban raina ta ba ko kaɗan. Ka je Dzorwulu ƙarƙashin manyan wayoyin lantarkin nan ko Roman Ridge ko wajen Korle Bu ka gani, duk latas da kabeji da lawashin da ke shiga kasuwannin Agbogbloshie da Makola daga irin waɗannan wuraren, akasari buta ce ta raine su. Ba ta cin fetur, ba ruwanta da dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ba ta toshewa ko ruwan ya kai kunu kauri, in ta huje ka kai wa mai walda, in aka ce gobe ku tashi daga filin nan za a yi gini ka rataya kayarka a kafaɗa ka tafi. Wannan na ƙarshen babban abu ne fa, don yawancinmu filin ba namu ba ne, aro ne ko na gwamnati, ba takarda. Kuma a hannun wanda ya iya, buta ba ta ɓarnar ruwa sosai, don kan fangalin kaɗai ake zubawa, hanya ba ta sha. Aibinta biyu: wahala, da kuma cewa ruwan kan ganye yake sauka. In ruwan kwata ne ko na rafin da kwatoci ke zuba a ciki, duk abin da ke cikinsa yana kan latas ɗin da za a ci ɗanye da waake ko a cikin burodi. Masu bincike na IWMI, cibiyar nan ta kula da ruwa da ke da ofis a nan Ankara, tare da mutanen jami'ar KNUST sun gwada abubuwa masu sauƙi a lambunan Kumasi: kar a cire kan butar mai huji-huji, a sauke hannu ƙasa-ƙasa kar a watso daga sama don ƙasa kar ta fantsama kan ganye, a bar ruwa ya kwanta a rami kafin a ɗiba kuma kar a shiga a dama shi da ƙafa, sannan a daina bayi da ruwan datti 'yan kwanaki kafin a cire. Duk suna rage ƙwayoyin cuta. Na ƙarshen ne ke da wuya, don latas in ya kwana biyu ba ruwa a ranar nan sai ya yi laushi ya rage nauyi, kuma kun san matan kasuwa, da ta ɗaga ta ga ya langaɓe sai ta karya farashi.

Sai inji da tiyo. Wannan shi ne abin da kowa ke fara saya in kuɗi ya shigo, kuma a gani na shi ne sarkin ɓarna in ba a yi hankali ba. Dalili kuwa mai buta gajiya ke tsayar da shi, mai tiyo ba abin da ke tsayar da shi sai fetur ya ƙare. Ka ga mutum ya danne bakin tiyo da babban yatsa yana hira yana watsawa, hanya ta sha, ciyawar gefe ta sha, ƙarfin ruwan na tone dashen da aka yi jiya, ƙasa ta daddale ta yi ɓawo a sama. Hukumar abinci ta duniya FAO tana ƙiyasta cewa ban ruwa na malala a ƙasa wajen kashi 60 cikin 100 ne ke amfanar shuka, na feshi wajen 75, na ɗigo wajen 90. Tiyo a hannun mai hira ban san ma inda zan sa shi ba. Amma akwai dabarar da na gani wajen tsofaffin lambu kuma ita nake yaba wa: ba sa shayar da shuka da injin kai tsaye, sai su haƙa ƙananan ramuka ko su ajiye duro a tsakiyar fangulan, inji ya cika su sau ɗaya, ruwa ya kwanta, sannan a ɗiba da buta taku biyar zuwa goma maimakon taku ɗari zuwa bakin rafi. Wahala ta ragu da fiye da rabi, ƙirga buta bai ɓace ba, kuma mutum uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi inji ɗaya.

Feshi ba zan daɗe a kansa ba. Mai juyawa ɗin nan ko tiyo mai ƙananan huji da ke tashin ruwa kamar yayyafi. Yana kyau ga shuka mai cunkoso irin albasa da karas da latas, kuma in ka bi hanyar Ada zuwa Anloga da Keta inda ake noman ƙananan albasar nan a kan rairayi za ka ga ana amfani da shi da 'yan rijiyoyin bututu marasa zurfi, don can ruwa na kusa kuma yashi ba ya riƙe komai. Amma yana son matsin ruwa, wato inji ko lantarki duk lokacin bayi, kuma iskar teku da ke tasowa da rana a nan tana kwashe feshin ta kai wa maƙwabci. Da sassafe ake kunna shi ko ba a kunna ba. Tumatir kuma ba ya son ganyensa na jiƙa kullum, cutar ganye ke biyo baya. In za ka saya, jera gwangwanayen madara guda goma a wurare daban-daban, kunna rabin awa, auna zurfin ruwan kowanne da rula. In wani ya tara milimita 8 wani 2, to ka san za ka riƙa nutsar da rabin lambu don ɗaya rabin ya ƙoshi.

Yanzu ɗigon da yaron ya gani a waya. Gaskiya ne, ba abin da ya kai shi tattalin ruwa. Wani injiniya Simcha Blass ne ya inganta shi a Isra'ila, kamfanin Netafim da ya fara yin sa an kafa shi a 1965 a cikin hamadar Negev, wato an yi shi ne don wurin da ruwa ke da tsada kuma yake zuwa a bututu da tsabtarsa. Riƙe wannan maganar. Ruwa na ɗiga a gindi, tsakanin layi a bushe, ciyawa ta ragu, ganye ba ya jiƙa, taki ma ana iya narkawa a tura ta ciki. Ko ƙa'idojin hukumar lafiya ta duniya na 2006 kan noma da ruwan da aka yi amfani da shi sun sa ɗigo cikin hanyoyin rage cuta, tunda ruwan ba ya taɓa abin da za a ci. Ba dole sai da inji ba, duro ko tankin roba irin Polytank a kan gini mai tsayin mita ɗaya da rabi zuwa biyu yana iya tura ƙaramin fili, sai dai ka sani tsayin mita 10 ne ke ba da matsin ruwa na bar 1 (bar shi ne ma'aunin matsi), kenan mita biyu matsi kaɗan ne, layi ba zai yi tsawo ba kuma fili sai ya zama shimfiɗaɗɗe. Lissafinsa kuma daɗi gare shi: in huji na kowane santimita 30 ne kuma kowanne na ba da lita 1 a awa, layin mita 10 na da huji 33, layi uku a fangali kusan 100 kenan, lita 100 a awa, minti 45 ya ba ka lita 75 ɗin nan. Amma kar ka yarda da abin da aka rubuta a kwali, sa gwangwani ƙarƙashin huji na farko da na ƙarshe ka auna da kanka.

To ni na taɓa saya. Shekarun baya na haɗa na fangali shida, duro a kan bulo, na riƙa cika shi daga ramin da muke tara ruwan rafi. Wanda ya sayar min ya ce 'yar matatar da ke ciki ta isa. Sati na farko har mutane na zuwa kallo. Sati na biyu na lura latas ɗin ƙarshen layi ya ƙi girma, na tona da yatsa ƙasa a bushe ƙamas, na yanka tiyon na ga wani kore-kore mai yauƙi ya cika shi, gansakuka da laka. Na zauna da allura ina tsokane huji ɗaya-ɗaya kamar mai cire ƙaya, wanda na tsokana kuma sai ya buɗe fiye da kima ya riƙa tsartuwa. Kafin wata biyu ɓeraye sun gano akwai ruwa a ciki sun ciccije, yaron da ke taya ni cire ciyawa ya sare layi biyu da fartanya, na naɗe kayana na koma buta. Ba laifin ɗigo ba ne, laifin ruwana ne da rashin sani na. Ɗigo na son matata ta gaske, irin mai lamba 120 da ake wankewa kusan kullum, yana son a buɗe ƙarshen layi a wanke shi lokaci-lokaci, yana son tanki a rufe kar rana ta shiga ta haifar da gansakuka. Ruwan bohol ma ba a tsira ba, wani na da ƙarfe-ƙarfe da ke yin ja ya toshe huji, kuma a filayen Ankara bohol da yawa ruwansu da gishiri-gishiri. Ɗigo na tura gishirin zuwa gefen inda ya jiƙa, za ka ga farin zobe a ƙasa, in ba a samu ruwa mai yawa ya wanke shi ƙasa ba wata rana yayyafi kaɗan zai mayar da shi cikin saiwa.

Sannan latas kansa ba abokin ɗigo ba ne sosai. Ana dasa shi kusa-kusa, sati huɗu zuwa biyar an cire, a sake gyara fangali, kenan kullum kana naɗewa kana shimfiɗawa, kuma dashen farko saiwarsa ba ta kai ta nemo ruwa ba sai ka bi da buta duk da haka. Tumatir, tattasai, kokwamba, kuɓewa, gauta, kankana, masu tazara kuma masu daɗewa a ƙasa, su ne ɗigo ke yi wa rana.

Amma duk wannan rabin magana ce, kuma ƙaramin rabin. Mutum zai iya sa ɗigo mafi tsada ya bar shi a kunne awa huɗu ya tafi ɗaurin aure a Madina, ya ɓarnatar da ruwa fiye da mai buta. Abin da ke tattalin ruwa shi ne sanin yaushe za a fara da yaushe za a tsaya, kuma wannan sai an san damshin da ke ƙasa inda saiwa take, ba saman da ido ke gani ba. Sama na yaudara ta fuska biyu: lokacin hunturu iska na busar da santimita biyun sama cikin awa ɗaya alhali ƙasa sharkaf take, wani lokacin kuma sama ta yi baƙi ta jiƙu amma ruwan bai wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Ƙasa kamar tulu take, kowace da girmanta. Rairayi na riƙe wa shuka ƙasa da milimita 100 a kowace mita ta zurfi, wani ma ƙasa da 50, ƙasa mai gauraye 100 zuwa 175, laka fiye da haka. Saiwar latas santimita 30 zuwa 50 take kaiwa in ya girma, kuma ba ya son a bari fiye da kashi 30 cikin 100 na ruwan tulun ya ƙare kafin a ƙara. Yi lissafi: rairayin da ke riƙe 70, a santimita 30 milimita 21 ne, kashi 30 ɗinsa wajen 6, abincin yini ɗaya kenan, dole kullum kuma kaɗan-kaɗan. Ƙasar da ke riƙe 150 kuwa 45 ne, kashi 30 wajen 13, kusan kwana uku. Kenan mutum biyu na iya noman latas iri ɗaya, ɗaya a bakin teku wajen La ɗaya a baƙar lakar wajen Ashaiman, in suka bi jadawali ɗaya dole ɗayansu na cutar kansa. Kabeji ya fi haƙuri, saiwarsa na kai santimita 50 zuwa 80 kuma yana jure a ci kusan rabin tulun.

Hanyar awo ta farko hannu ne, kuma kyauta ne. Amma ba taɓa sama ba, a tona. Sami guntun bututun ƙarfe ko tsohuwar adda ka ciro ƙasa daga zurfin taƙi ɗaya, ka dunƙule a tafin hannu. In ruwa ya fito tsakanin yatsu, ya yi yawa. In ta dunƙulu ta bar maka sanyi da alamar laima a hannu, lafiya lau, bar ta. In ta dunƙulu amma da ka taɓa ta wargaje, lokaci ya yi. In ta ƙi dunƙuluwa sam ka makara. Wani dattijo da na koyi aiki a wajensa, Allah ya jiƙansa, in na ce baba a ba su ruwa? sai ya ce tambayi ƙasa, ni ba ni zan sha ba. Matsalar hannu ita ce naka da nawa ba ɗaya ba ne, rairayi ko ya jiƙu ba ya dunƙuluwa sosai, kuma ba za ka iya aiko yaro ya gaya maka a waya abin da hannunsa ya ji ba.

Na biyu 'yar na'urar nan mai tsinke ɗaya ko biyu da allura a kai, mai arha, da ake sayarwa wajen masu furanni. Dan Allah ajiye kuɗinka. Ba ruwa take aunawa kai tsaye ba, yadda lantarki ke ratsa ƙasa take ji, gishiri da taki kuma suna ƙara wannan. Na taɓa soka tawa a fangalin da aka zuba wa takin kaji, ƙasa a bushe har tana ƙura, allura ta tafi can ƙarshe wai jiƙe. Ta tukunyar fure ce a baranda. Akwai 'yan uwanta na zamani da ɗaliban jami'a ke haɗawa da ƙaramar kwamfuta su turo lamba a waya, waɗannan sun fi, amma sai an daidaita su da irin ƙasarka tukuna, lamba 25 a rairayi ruwa ne har ya yi yawa, 25 a laka shuka na iya jin ƙishi. Daidaitawar kuma ta ɗakin gwaji ce, a auna ƙasa, a gasa ta a zafin digiri 105 na awa 24, a sake aunawa.

Na uku tansiyomita, kuma ita na fi so. Bututu ne cike da ruwa, ƙasansa wani farin kasko mai shan ruwa, samansa agogo. In ƙasa ta bushe sai ta tsotsi ruwa ta kaskon, agogo ya hau, in an yi bayi ya sauka. Abin da ya sa ta fi shi ne ba yawan ruwa take gaya maka ba, wahalar da saiwa ke sha kafin ta tsotso take gaya maka, shi ya sa lambarta kusan ma'ana ɗaya take da ita a kowace ƙasa, kuma taki ba ya ruɗa ta. Daga 0 zuwa 10 ƙasa ta cika har iska ba ta shiga, 10 zuwa 30 daidai, kayan ganye masu gajeriyar saiwa ana ba su tun wajen 20 zuwa 30, a rairayi ma kafin nan, manyan shuke-shuke a ƙasa mai riƙo na iya jira har 30 zuwa 60. In ta wuce wajen 80 iska na shiga ta daina aiki sai an sake cikawa. Tana son lallashi: a jiƙa kaskon ya kwana a ruwa, a cika da ruwan da aka tafasa ya huce, a dasa ta ƙasa ta manne mata sosai, a karanta da safe lokaci ɗaya kullum. Kuma tana tsaye a fili kowa na gani, a lambun da ba shinge wannan abin tunani ne. Kamfanin Irrometer na Amurka da ya yi suna da ita yana da wata da ake binnewa gaba ɗaya, Watermark, mai kaiwa har 200 kuma ba a cika mata ruwa, sai dai sai da na'urar karantawa daban, kuma ga kayan ganye da ke zaune a ɓangaren jiƙe tansiyomita ta fi saurin ji.

Na huɗu wasu abubuwa biyu da wani masani Richard Stirzaker na cibiyar CSIRO ta Ostareliya ya ƙirƙiro musamman don ƙananan manoma. Ɗaya sunansa Chameleon, hawainiya kenan, kuma sunan ya dace: ana binne 'yan ƙwayoyi uku a zurfi uku, ka jona abin karantawa ya nuna launi, shuɗi jiƙe, kore daidai, ja bushe, koren na farawa wajen 20 jan kuma sama da 50 a ma'aunin tansiyomita. Ba sai ka iya karatu ba. An yi aiki da shi sosai a Tanzaniya da Mozambik da Zimbabuwe, kuma abin da manoma da yawa suka gano shi ne ƙasan nasu shuɗi yake kullum, wato sun daɗe suna wuce gona da iri. Ɗayan FullStop, mazurari ne da ake binnewa, in ruwa ya sauka ya kai zurfinsa sai wata 'yar alama ta ɗago sama, ka san ya isa ka kashe. Yana tara ɗan ruwa kuma a ciki da za a zuƙo a gwada gishiri ko takin da ke gudu. Hawainiya na cewa fara, mazurari na cewa tsaya. Wahalarsu samu, ba kayan da za ka shiga shago ka ɗauka ba ne, sai an yi oda ko ta hannun wani shiri, shi ya sa sun fi dacewa da ƙungiya.

Abu ɗaya da ya shafe su duka: na'ura tafin hannu ɗaya na ƙasa take ji. In ka dasa ta a kwari ko ƙarƙashin inuwar dogonyaro za ta yi ta ce maka jiƙe sauran lambu na ƙonewa. Zaɓi fangalin da ya yi kama da yawancin, cikin layin shuka, in ɗigo ne kamar taƙi ɗaya daga huji.

Na kusa mantawa da rufe ƙasa, alhali ya fi duk abin da na lissafa arha. Busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayin shinkafa, a shimfiɗa tsakanin kabeji ko tattasai, rana ba ta dukan ƙasa kai tsaye. Ka tona ƙarƙashinsa da azahar ka tona gefe ka ji bambanci. A kula da gara kawai, garin katako ɗanye kuma yana cinye takin ƙasa kafin ya ruɓe.

To wa zai sayi me? In kana cikin gari, fili ba naka ba, ruwanka rafi ne ko kwata, latas da lawashi kake yi, ni dai ba zan ba ka shawarar ɗigo ba. Haɗa kai da maƙwabta ku sayi inji, ku cika ramuka ko duro kusa, ku ci gaba da buta amma da ƙirga, ku tona ƙasa kafin bayin yamma. In kuwa kana da fili naka can wajen Dodowa ko Amasaman ko bayan Kasoa, da bohol ko ruwan da kake saya a tanka, kana son tumatir da tattasai da kokwamba, to ɗigo ba kwalliya ba ne a wajenka, duk litar da ta zube kuɗi ce, amma a gwada gishirin ruwan kafin a sayi ko mita ɗaya na tiyo, a fara da matata mai kyau, a sa tansiyomita biyu, ɗaya a santimita 15 zuwa 20 ɗaya a 40, ta sama ta ce maka fara, ta ƙasa in ta zauna kusa da sifili kullum ka san kana wanke taki. Mai rairayi da ruwa kusa da wutar da za ta ja inji, feshi da sassafe. Mutanen Kumasi irin na Gyinyase da ke noma a kwari inda ruwa ke kusa da sama, su matsalarsu sau da yawa ba rashin ruwa ba ce, yawansa ne, awo zai fi musu amfani fiye da sabon kayan bayi.

Ɗan yayar tawa bai ji daɗi ba, ya so in ce sayi. Ya ce kawu kenan in koma ɗaukar buta? Na ce ɗauki, amma biyar maimakon tara. Muka yi yarjejeniya, fangali biyu gefe da gefe dashen rana ɗaya, ɗaya ya yi masa yadda ya saba, ɗaya kuma bayan satin farko ba ya samun na yamma sai an tona an dunƙula. Ya shiga haɗin inji da mutum uku, ya sayi duro biyu, sauran kuɗin ya ajiye wai na ɗigon ne in Allah ya ba shi fili nasa. Jiya ya turo min hoton hannunsa da dunƙulen ƙasa a ciki, ya rubuta a ƙasa: kawu wannan ta sha ko ba ta sha ba? Na ce matsa ta da yatsa ka sake turowa.